Turare: Baƙon Ostireliya Da Ya Zama Ɗan Gida A Kankia Da Kusada

 Yau hirar tamu kan itace ce, itacen da duk wanda ya taso tsakanin Kankia da Kusada ya san ƙamshin ganyensa tun yana yaro. Turare nake nufi, wanda wasu ke kira zaiti. Yana nan a bakin makarantu, yana nan a gefen lambuna da bayan gidaje, ya miƙe zar, ɓawonsa na saɓulewa kamar maciji ya yi saɓa. Da yawa cikinmu sun ɗauka tun kaka da kakanni yake tare da mu, alhali kuwa kuka da tsamiya da gawo sun girme shi nesa ba kusa ba a ƙasar nan.

Asalinsa ɗan Ostireliya ne. Danginsa sun haura ɗari bakwai, amma wanda ya fi yawa a wajenmu shi ne wanda masana ke kira Eucalyptus camaldulensis. Sunan ma da labarinsa: a 1832 aka raɗa masa shi, daga wani lambu da ke Camaldoli kusa da birnin Naples na ƙasar Italiya, inda aka kai irinsa aka shuka. A can gidansu kuwa, a bakin koguna yake fitowa. Ku riƙe wannan maganar ta bakin kogi, za mu dawo kanta.

Habasha ta riga mu saninsa. A shekarun 1890, zamanin Sarki Menelik na biyu, itacen girki ya yi wa sabon birnin Addis Ababa ƙaranci, sai aka shigo da turare. Har yau Habashawa na ce masa bahir zaf, wato itacen da ya ƙetaro teku.

Mu a Arewa, Turawan gandun daji ne suka fara gwada shi, amma aikin gaske ya kankama ne bayan samun 'yanci. A 1964 aka buɗe tashar binciken itatuwan yankin savana a Samaru ta Zariya, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka riƙa kawo iri daga sassa daban-daban na Ostireliya suna gwadawa a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna. Irin da ya fi karɓar ƙasarmu shi ne na wasu garuruwa biyu, Petford da Katherine, duka a arewacin Ostireliya, inda su ma suke da dogon rani da gajeriyar damina kamar mu.

To sai fari ya zo. Na farkon shekarun 1970, sannan na 1983 da 1984, wanda dattawanmu ba su manta ba. Dabbobi suka mutu, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana binne shuka. Hankalin gwamnati ya koma kan dashen itatuwa a jere, layi bayan layi, don su tare iska. Ana buƙatar itacen da zai yi saurin tashi, ya jure rani, kuma awaki ba su cika damuwa da shi ba. Itace biyu suka ci jarrabawar: bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogonyaro, shi ma baƙo ne daga Indiya, da kuma turare.

A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Tarayyar Turai, wanda mutane suka fi sani da EEC, ko KTAPU. Wuraren renon dashe suka yawaita, ana raba wa manoma da makarantu 'ya'yan itatuwa a cikin baƙar leda. A ƙarshen 1995 Turai ta dakatar da tallafinta ga Najeriya bayan rataye Ken Saro-Wiwa, ayyuka irin wannan suka ji a jikinsu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne abin da ya biyo baya. Itacen da ke filin da ba na kowa ba, gatari ya fi saurin samunsa. Wanda mutum ya dasa a bayan gidansa ko a ɗan filinsa, shi ya rayu, domin magidanci ya gano kuɗi ne a tsaye. Shekara biyar zuwa bakwai ka samu sandar rufi, ko wadda magina ke tokare dakin da ita. Ka sare shi, kututturen ya sake tofo, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka cire sauran. Akwai wanda da shi ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Ga ganyen kuma, in mura ta kama mutum a tafasa a yi sirace. Amma don Allah, man zaitin nan na kwalba a ɓoye shi daga yara, shansa na da haɗari.

Yanzu mu dawo bakin kogin nan. Itacen da ya taso a bakin ruwa bai san tattalin ruwa ba. Saiwarsa na bazuwa nesa tana neman lema, ganyensa in ya zuba ba ya saurin ruɓewa, gero da gyaɗa ba sa jin daɗin zama kusa da shi. Na taɓa zama wajen sulhu tsakanin wasu maƙwabta biyu, ɗaya ya jera turare a kan iyaka, ɗayan yana rantsuwa kunya huɗu na gonarsa sun daina ba shi komai. Kuma da gaskiyarsa. Kwatanta shi da gawo, da ke kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya ba ta taki. Shi ya sa manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, suka koma renon kututturan itatuwan gida da ke tofowa da kansu a gona.

Ni a ganina turare bai yi laifi ba, wurin zama ne ba a zaɓa masa ba. In za ka dasa a gida, ka nisanta shi da rijiya, da katanga, da ramin bayan gida, da iyakar maƙwabci. Ka ba shi fako, ko gefen kwari, ko filin da ya riga ya gaji. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya da yashi ake yafawa, a rene shi a leda wata uku zuwa huɗu. A dasa a watan Yuli lokacin da damina ta zauna, a bar kamar taku uku zuwa huɗu tsakanin wannan da wancan. Babbar abokiyar gabarsa gara ce, musamman a shekara biyun farko. Ka share busasshen kara da ciyawa daga gindinsa, ka riƙa leƙawa, ranin farko kuma ka taimaka masa da ruwa. In ya wuce nan, sauran aikin jira ne da wasa gatari.

Wanda ke da tsohon turare a gidansu, ya tambayi dattawa wa ya dasa shi, a wace shekara, ya rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.