Yadda Ake Karanta Zanen Alƙaluman Annoba

Zanen alƙaluma hanya ce ta nuna yawan masu ciwo da layi, ko ginshiƙai, ko taswira mai launi, domin a gane tafiyar annoba da kallo ɗaya.

An tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Jihar Sakkwato kuwa cikin watan Afrilu. A wancan lokaci Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta riƙa fitar da jadawalin jihohi kullum, jama'a na auna girman haɗari da shi.

Mai duba irin wannan zane ya lura da abu uku:

1. Waɗanda gwaji ya tabbatar kaɗai ake ƙirgawa. Ƙarancin adadi na iya nufin ƙarancin gwaji ne.

2. Layin jimilla ba ya sauka ko da annoba ta lafa. Layin sababbin kamuwa shi ke nuna halin da ake ciki.

3. Taswirar ƙasa takan shafa wa jiha launi ɗaya. Mazaunin Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai ga ƙauyensa a ciki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona a Mayun 2023, amma da irin waɗannan zane-zane ake bibiyar sanƙarau da kwalara. Don haka hakimai da dagatai su riƙa sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma duk ciwon da ya yawaita, domin marar lafiyar da ba a kai rahotonsa ba, ba ya fitowa a zane.