Yadda Jiragen Hukuma Suka Kora Wiwi Cikin Bokiti

Yau zan kai ku gundumar Humboldt a arewacin Kalifoniya, inda matasan da suka gudo daga birane wajen 1970 suka riƙa noman wiwi a fili da takin gargajiya. A 1983 hukuma ta fara farautar gonakin da jirage masu saukar ungulu. To fa! Sai shuka ta koma buhuna da bokitai ƙarƙashin itatuwa, wasu ma cikin ɗaki da fitilu. Da jihar ta halatta wiwi a 2016, manyan kamfanoni suka shigo, farashi ya faɗi warwas. Abin da ya ban mamaki, ƙananan manoma da dama ba su yar da bokitan ba. Ƙasar ciki suka raya da tsutsotsi da ciyawa dangin wake, ko kaftu ba sa yi mata.