Taurin Takalmin Gudu da Kuzarin da Jiki ke Kashewa

A kowane taku, gaɓar da ke gindin yatsun ƙafa tana lanƙwasawa, kuma a nan wani ɓangare na ƙarfin mai gudu ke salwanta. Farantin kabon da ake sakawa cikin ƙasan takalmi yana rage wannan lanƙwasa.

Wani bincike na Jami'ar Kolorado a Amurka, da ya fito a 2017, ya gano takalmin Nike Vaporfly yana rage kuzarin da masu gudun dogon zango ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Sai dai ba taurin kaɗai ba ne. Soson takalmin, mai lotsawa ya dawo, yana da babban kaso. Idan taurin ya wuce kima, amfanin kan ragu, domin nauyin aikin yana komawa kan idon sawu da sha-raɓa.

Tun 2020, Hukumar Wasannin Guje-guje ta Duniya ta kayyade kaurin ƙasan takalmin tseren titi a milimita 40, faranti ɗaya kacal.

An samu rahoton tsagewar ƙashin tsakiyar ƙafa ga wasu masu sa shi. Mai ciwon agara ko tsohon rauni ya fara da gajeren zango tukuna. Ciwon saman ƙafa da hutu bai kawar ba, a kai shi gaban likita.