Auduga Ba Ta Tuwo: Ƙauyukan Ƙasar Funtuwa a Farin 1973

Gabatarwa

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi daminar 1973, lokacin da fari ya auka wa Arewacin Nijeriya, domin a ga yadda talakan ƙasar auduga ya rayu, da kuma dalilin da ya sa ya ƙi fifita auduga a kan hatsi, duk da matsin da ya sha.

Asalin Al'amarin

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana noman auduga. Mata su gurza, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, marina su rina. Abin da Turawa suka kawo shi ne noma domin masaƙun Ingila. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Mancesta, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan aka shigo da irin Amurka mai suna Allen. Da aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, sai Funtuwa da Gusau suka bunƙasa, aka kafa injinan gurzar auduga a cikinsu da kuma Malumfashi. Ana raba iri kyauta ta hannun dagatai da masu unguwanni, amma ba a sayar da auduga sai a fuloti, bisa farashin da hukumar ciniki ta yanke.

A nan ne aka sami saɓani. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru sun nuna cewa audugar da aka shuka a watan Yuni ta fi yin yabanya. Shi kuwa manomi sai ya shuka gero da dawa, ya yi musu noman fari, kana ya waiwayi auduga a watan Yuli. Malaman gona da yawa sun ɗauki wannan a matsayin taurin kai. Amma hannun da ke gandu ƙidayayye ne, kuma maigida ya san da kuɗin auduga ake biyan haraji, a yi sutura, a aurar da 'ya'ya, amma ba a tuƙa tuwo da ita.

Daminar 1973

Tun a 1972 ruwa ya yi ƙaranci, saboda haka rumbuna da yawa ba su cika ba. A 1973 kuma ruwan ya makara, ya zo da tsallake-tsallake, ya ɗauke da wuri. Wasu sun yi shuka sau biyu ko uku, tana tsirowa rana tana ƙone ta, har irin ya ƙare. Gaskiya ne farin ya fi tsanani a arewacin Katsina da Daura da Jamhuriyar Nijar, amma kudanci ma bai tsira ba, domin can ne mutane da dabbobi suka kwararo neman abin sakawa a baka.

Rayuwar yini ta sauya. Da asuba magidanci zai fita ya duba gabas ko hadari ya haɗu. Mata da yara suna kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. Gidan da ake ɗora tukunya sau biyu ya koma sau ɗaya, ana cike gurbi da kwaɗon rama da tafasa da zogale da garin rogo. Jama'a suka riƙa fita bayan gari sallar roƙon ruwa. Aka sayar da awaki da tumaki a wulaƙance, samari kuma suka tafi cin rani tun kaka ba ta yi ba.

Ita auduga, da yake a makare aka shuka ta, ruwa ya yanke mata tana tsakiyar fure, furen ya kakkaɓe. Ɗan abin da aka tsinta aka kai fuloti, malamin awo ya duba ya ba shi lamba. A nan talaka ya ga inda gizo yake saƙa: farashin auduga a ɗaure yake a hannun hukuma, na hatsi kuwa a sake yake a kasuwa, kullum tiya tana hawa. A wannan shekara ce aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, sai dai sabon kuɗin bai ƙara wa kowa ko mudu guda ba. Wanda ya ba hatsi ƙarfinsa ya sami na kunu. Wanda ya dogara ga auduga ya faɗa hannun masu ba da bashi.

Kammalawa

Wannan tsoro na manomi ba a banza ya zo ba. Kakanninsa sun ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma sun bar masa wasiyyar cewa rumbu ne gaba da aljihu. Bayan farin, an buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani, manoma da yawa suka rungumi masara, abin da ake ci kuma a sayar. A 1986 aka rushe hukumar cinikin auduga, masaƙun Kaduna kuma suka durƙushe daga baya.

A yau da ake yawan kiran a farfaɗo da noman auduga, ya kamata masu tsara manufofi su tuna da 1973. Duk shirin da bai fara tambayar abin da iyalin manomi za su ci in ruwa ya ɗauke ba, to manomi zai saurare shi cikin ladabi, sannan ya koma gonar dawarsa.