Gandun Dajin Yankari

Gandun Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Tun a 1934 aka kawo shawarar keɓe wani daji a masarautar Bauchi don kare namun dawa, amma maganar ta daɗe kwance a takarda. Sai a 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince, a 1957 dajin ya shiga hannun En'e ta Bauchi, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962.

Ko da yake ba a tarar da gari a cikinsa ba lokacin da aka shata iyaka, mutane sun zauna a wurin tun da can. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130 da ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin wuraren narka tama, da koguna 59 da aka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan P.J. Marshall, wanda ya gano su a 1980.

Kogin Gaji shi ne ran dajin. Idan rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, nan giwa da ɓauna da gwanki da kanki suke gangarowa, don haka masu yawon buɗe ido suka fi zuwa a wannan lokaci. Amma abin da ya fi jan talaka shi ne maɓuɓɓugar Wikki: ruwa garai-garai, har ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, ko da hunturu. 'Yan makaranta kan cika shi lokacin hutu. Birai kuma sun saba da mutane ƙwarai a sansanin baƙi. Wanda ya bar taga a buɗe da burodi a kan tebur, ya yi musu sadaka.

A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Yankari ta sa shi cikin gandayen ƙasa, a 2006 kuma ya dawo hannun Jihar Bauchi. Wannan sauyin hannu bai yi wa dabbobin daɗi ba, domin gyaran ɗakunan baƙi ya fi samun kulawa a kan sintiri. Mafarauta suka samu sarari, makiyaya suka riƙa kutsawa da shanu, giwayen da a da ake ƙiyasta sun haura 300 suka ragu ƙwarai saboda cinikin haure. Raƙumin dawa tuni ya ɓace daga dajin, zakuna kuma 'yan ƙalilan suka rage.

A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta Amurka kan aikin tsaro. Aka horar da masu gadin daji, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, kisan giwa ya ja baya sosai. Rigimar da ta rage ita ce ta gonaki: da kaka giwaye kan fita iyaka su tattake dawa da masara a ƙauyukan kewaye, shi ya sa aka ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aikin sa ido, su sanar da masu gadi da zarar garke ya doso.