Kaburbura da Ziyarar Ƙarshen Shekara a Kudancin Kaduna

Maƙabarta ta bai ɗaya, wadda ake keɓe wa fili a bayan gari, baƙuwa ce a yawancin ƙasar Kudancin Kaduna. A da, Bajju da Atyap da Ham da maƙwabtansu a cikin gida ko a gefensa suke binne dattijo, don a ganinsu bai bar zuri'arsa ba. Muryar magabata kuwa ta bakin dodo take fitowa, wanda Atyap ke kira Abwoi, kuma asirinsa na maza ne zalla.

Alamun girmama mamaci a yankin sun girmi duk wani tarihin baka. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. Masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka soma aiki a yankin a 2005, sun ci karo da jerin duwatsu da tukwane da tsakiyoyin dutse a kusa da tarin fasassun gumaka, suka ɗauke su a matsayin kaburbura. Ƙashi dai ba a samu ba, ƙasar wurin ta cinye shi tuntuni.

Abubuwa uku suka sauya tsarin binnewa a gida. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu, ta zo da jana'izar Musulunci: wanka, likkafani, salla, da kabari mai fuskantar alƙibla. 'Yan mishan na SIM, da suka zauna a Kwoi tun 1910, suka shigo da akwatin gawa da gicciye da rubuta suna a kan kabari.  Sai layin dogo, wanda ya mai da Kafanchan magamar jiragen ƙasa a 1927, ya tara Ibo da Yarabawa da Hausawa a gari ɗaya. Baƙon da ba shi da gidan gado dole a nema masa fili, shi ya sa maƙabartun gari suka zama tilas.

Duk da haka, mai neman kaburburan manya ba a wuri guda zai same su ba. Ingila ta tara marubutanta a kusurwa ɗaya ta majami'ar Westminster, Sakkwato na da Hubbare, inda Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta Shehu Usmanu. A nan kuwa gida ake mai da gawa, ko daga ina mutuwa ta riski mutum. Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamba 2012, aka kai shi Fadan Kagoma.

Saboda haka ziyarar kabari ta ɗaure da zuwa gida. 'Yan Katolika na da ranar 2 ga Nuwamba ta yi wa matattu addu'a, amma babban taron sai hunturu ya kankama. A makon Kirsimeti ma'aikatan Abuja da Kaduna da Legas kan sauka ƙauyukansu, a share kabarin iyaye, a shafe shi da siminti ko fenti, a yi sujadar godiya a coci. Iyalai da dama kan jinkirta taron tunawa har zuwa wannan lokaci, tunda a sannan ne ake samun dangi a cike, rumbu kuma bai taɓu ba.

Bikin Afan na Kagoro, da ake yi ranar 1 ga Janairu, shi ke rufe wannan zango. Asalinsa bikin kammala girbi ne da buɗe farauta a kan dutse, ya kuma bunƙasa a zamanin Malam Gwamna Awan, wanda ya shekara fiye da 60 a kan sarautar Kagoro kafin rasuwarsa a 2008.