Bugun Tufa: Yadda Kanawa Suka Yaƙi Yamutsewa

Tun kafin dutsen guga ya shigo ƙasar Hausa, Kanawa sun san yadda ake raba tufa da yamutsewa. Kayan aikin gungumen itace ne da guduma da ƙarfin damtse. Sunan sana'ar bugu, wurin yinta mabuga, kuma da ita ake kammala tufafin da suka kai sunan Kano har bayan Sahara.

A da, aikin daga karkara yake farawa. A gonakin da suka kewaye birni, irin na Bacirawa a arewa, inda jama'a ta yi yawa har gona ba ta hutawa, noma kaɗai bai riƙe gida, sai an haɗa da sana'ar rani. Mata su gurje auduga su kaɗa zare da mazari, maza su zauna masaƙa. Minjibir ta yi suna a saƙa, Kura kuma a rini da bugu, har rawani mai sheƙi ya samu sunan ɗan Kura.

Masaƙar gargajiya ƙwarya siririya take fitarwa, ta turkuɗi ma faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, sai an ɗinke da yawa gefe da gefe kafin a samu zane. Nan hatsarin yake. Idan masaƙi ya ja zaren wata ƙwarya da ƙarfi, ta kusa da ita kuma ta yi sako-sako, ɗinki zai tattare, kuma ko an kwana ana bugu ba zai kwanta ba. Guduma tana maganin yamutsewar da ta zo daga rini ko ajiya. Wadda ta samo asali daga zare kuwa, sai dai a farke.

Idan tufa ta fito daga karofi ta bushe, sai mabuga su yayyafa mata ruwa, su shafa garin shuni, su ninke ta a kan gungume. Suna bugu suna juyawa, hannu na bin hannu, har zare ya baje, ƙofofin saƙa su toshe, shuni ya shige ta ta soma walƙiya. Wannan sheƙi Buzaye ke nema a Agadas, da shi kuma ake yanke farashi.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta darajar tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya ce Timbuktu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300. Bayan layin dogo ya iso a 1911, gyaɗa ta janye manoma, yadin Ingila ya cika kasuwa, masaƙu suka yi ta raguwa. Shadda ce ta ceci bugu, domin mai babbar riga har yau ya fi son ta sha guduma da ta sha guga.

Matsalar tattarewar da masaƙan Kano suka sani ita ce ke damun masu ƙera jiragen sama. Kusan rabin nauyin jikin Boeing 787 zaren kabon ne da aka daskarar da ƙaro. Idan aka shimfiɗa irin wannan saƙa a kan abu mai lanƙwasa, zaruruwa kan karkace har su matse juna, daga nan sai ta tattare, wurin ya yi rauni. A 2009 an dakatar da ƙera wasu sassan jirgin a Italiya saboda an gano tattarewa a jikinsu. Shi ya sa injiniyoyi ke kwaikwayon shimfiɗar a kwamfuta kafin su taɓa kayan.

Tsoffin mabuga na nan a Kura da kewayen marinar Ƙofar Mata, iliminsu a hannu da kunne yake. Ya kamata jami'o'in Kano su je su rubuta shi tun masu shi suna raye.